Ɗiyar Mai Kitso Da Ba Ta Da Gashi

Sallama gare ku masu bibiyar labarina, da ku da yau kuka fara cin karo da shi. Sunana Zulfa, ɗiyar Atu mai kitso ta Kebbe. Ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, ina zaune gidan yayata Hindatu, sai ranar Juma'a nake hawa mashin in tafi gida. An sa ranar aurena da Haliru, saura sati uku. Wata a cikinku ta rubuto min cewa, "Zulfa, ke kam kina ba da labarin bikinki kamar mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo." Ba ki yi ƙarya ba 'yar'uwa, kuma yau zan faɗa miki dalili.

Ba ni da gashi.

Ba ina nufin gajere ne ba, ko ya kakkarye, ko gaban goshi ya ci baya irin na masu yawan ƙananan kitso. Babu shi ne gaba ɗaya, ko sili ɗaya, tun daga goshi har ƙeya. Girar da kuke yabawa a hotona ma da fensir nake zana ta kullum da safe kafin in fito.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Ranar wata Juma'a ina zaune tsakanin gwiwoyin Inna a ƙarƙashin dogonyaron tsakar gidanmu tana tsefe min kai, sai na ji hannunta ya tsaya.

"Ke Zulfa, mi yas same ki nan?"

Ta kama yatsana ta ɗora a wurin. Wani fili ne sumul bayan kunnena, faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba. Kafin wata huɗu sauran duk ya bi shi. Babu abin da ba a yi ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an shafa tafarnuwa da man kaɗe har fatar ta yi ja. Daga ƙarshe Hindatu ta kai ni wurin likita a Sakkwato, ya ce ba aljani ba ne, ba sammu ba ne, jikina ne da kansa yake yaƙar gashin, kuma zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa. Da muka kawo wa Inna wannan bayani sai ta ce in dai iyakar karatunsa ke nan to ita ma likita ce.

Watan farko na yi kuka har na gode Allah. Daga nan sai kukan ya ɗauke, ya tafi da komai. Kun san yadda ƙafa take yi idan an daɗe zaune a kanta, ka taɓa ta ka san taka ce amma ba ka jin ta? Haka na koma. Ina cin abinci, ina shiga aji, ina dariya inda ake dariya. An kawo lefe akwati biyar, ƙawaye suna ta ihu a kan wani leshi ruwan zuma, ni ina zaune ina ƙirga tayil ɗin ɗakin.

Ku fahimci wani abu game da gidanmu. Har daga Dogon Daji ake kawo wa Inna amare. Ni kuwa tun ina 'yar shekara biyar kaina ne allon tallarta, duk sabon zanen da ta ƙirƙiro a kaina ake fara ganinsa ranar sallah. Saboda haka maganar nan mu uku muka sani, ni da Inna da Hindatu. Ko Baba bai sani ba. Ɗankwali ya rufa asiri, hijabi ya ƙara, a ƙarƙashinsu kuma ina cusa acuci ya tayar min da ƙeya. Sauran mata suna sa acuci-maza don ado, ni kam da gaske nake cutar.

Haliru yayan ƙawata Ruwaida ne, tare muka yi makarantar kwana da ita. Malamin gona ne, dogo, ba shi da hayaniya, kullum takalminsa da laka. Ruwaida ce ta dinga cika masa kunne da labarina har ya zo da kansa, kuma cikin abin da ta cika masa kunnen da shi har da gashina, don ta sha kama min shi a ɗakin kwana tana cewa ya isa a raba wa mutum uku. Ga irin saƙon da yake turo min da safe:

"Gimbiya, kin tashi lafiya? Saura kwana ashirin da ukku in ga abin da Ruwaida taka ba ni labari."

Sai in tura masa fuskar nan mai murmushi da jan kumatu, in ajiye wayar, in ci gaba da zana gira.

Gidansu Haliru, gidan Ɗangiwa, suna da wata al'ada tasu. Kwana uku kafin ɗaurin aure yayar mahaifinsa, Gwaggo Yelwa, takan zo da matan gidan, a buɗe kan amarya a gabansu, ta ɗiga man shanu a tsagar kitso da hannunta, ta yi addu'a. Duk matar da ta shiga gidan sai da aka yi mata. Kuma abin da Gwaggo Yelwa ta ce shi mahaifin Haliru yake yi, ko da kuwa ta ce rana daga yamma take fitowa. Tun ranar da aka sa rana na san wannan zaman yana nan tafe, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Idan ta ga kaina auren nan ya mutu tun kafin a ɗaura shi.

To, ana wata ga wata. Ruwaidar nan dai ita ta ja ni cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Malama Zakiyya. Malama Zakiyya ta yi karatun wasan kwaikwayo a jami'a, ta dawo Tambuwal ta tara mu mata tara, ta ce za mu haɗa wasa a kan gashin mace, mata zalla za su yi, mata zalla za su kalla. Laraba da Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a wani ɗakin taron mata. Da na ji abin da wasan ya ƙunsa na so in zame, amma wane dalili zan ba Ruwaida? Ɗiyar mai kitso ta guji wasan kitso?

Malama ba ta aiki da takarda. Tabarma take shimfiɗawa, ta ajiye kujera 'yar tsugunno, ɗaya ta hau kujerar, ɗaya ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, a fara kitso na gaske. Ta ce mace ba ta faɗin gaskiyarta idan ana kallon idonta, amma idan kanta yana hannun wata, fuskarta na kallon ƙasa, sai bakin ya buɗe da kansa. Kuma haka ne. A zaman nan Rauda ta ba da labarin takabarta, yadda ranar da ta fita aka zo yi mata kitso ta ji kamar ranar ne aka binne mijin. Raliya ta nuna mana tabon da man miƙar da gashi ya bar mata saboda wani saurayi da ya ce yana son mai santsi, ya kuma tafi ya auri wata. Malama tana gefe tana sauraro, sai ta ce, "Tsaya, sake faɗin wagga," ta mayar da ita baiti, a kifa ƙwarya a ruwa a sa mata kiɗa. A haka wasan ya ginu kaɗan-kaɗan.

Ni kullum ina kan kujera. Hannun Inna na gado, kowa so take ni in kama mata kai, ni kuwa hakan ya yi min daidai. Wata uku ina yi wa mutane shuku da kalaba ina jin cikinsu, hijabina ko ɗagawa ban taɓa yi ba. Na ce musu sanyin fanka yana sa ni mura.

Larabar da ta wuce, saura kwana uku a nuna wasan, na shigo da atamfata shuɗiya da farin hijabi na nufi kujera kamar kullum, sai Malama ta sa ƙafa ta janye ta.

"Wanzami ba shi son jarfa ko? Wata ukku kina jin namu, Zulfa. Yau ke ka zama ƙasa."

Aka sa dariya. Ruwaida ta yi tsalle ta haye kujerar tana ɗaga kibiyar kitso.

"Ni ka yi mata! Yau kun ga gashi, wallahi ku shirya idanunku."

Za ku so in ce gabana ya faɗi, ko gumi ya karyo min. Babu ko ɗaya. Na tsaya ina kallon tabarmar, akwai wani wuri da ta fara zarewa a gefe, na ce a raina ya kamata a ɗinke shi. Na san zan iya cewa kaina ke ciwo. Gajiya ce kawai ta sauko min, irin ta wanda ya daɗe da tulu a ka. Na zauna. Na cire hijabin na ninke. Na kwance ɗankwalin. Na zare acucin na ajiye a kan cinyata.

Wata ta ce innalillahi a hankali. Ban ga fuskar Ruwaida ba tunda tana bayana, amma na ji gwiwoyinta sun sake ni.

Malama ce ta fara magana, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Ruwaida, an ba ki kai. Yi aikinki."

"Malama, mi za ni kamawa?"

"Ga mai nan gabanki."

Ta lakato man ta fara shafa min. Tafin hannunta yana da ɗumi. Ni kuma bakina ya buɗe kamar yadda Malama ta ce yana yi. Na faɗi komai, murfin kwalba, tafarnuwa, likita, fensir. Na faɗe shi yadda nake kiran sunayen yara a aji. Wani abu ya ɗigo min a tsakar ka, sai daga baya na gane hawayen Ruwaida ne.

Da aka tashi Malama ta tsayar da ni. Ta ce abin da aka faɗa a tabarma a tabarma yake tsayawa, ta riga ta ja wa sauran kunne. Ta ce a ƙarshen wasa za ta bar tabarmar babu kowa na ɗan lokaci. In na ga dama in zauna in faɗi nawa, in ban ga dama ba Raliya ta tayar da waƙar rufewa, babu wanda zai san an bar wani gurbi.

"Ba ni roƙonki, ba ni hana ki. Kanki na."

Ruwaida tana jirana a bakin ƙofa, idanunta jajur.

"Ni nik kai ki gidanmu da bakina, Zulfa. Ni nic ce mishi gashinki har gadon baya. Ƙaƙa kika so in zanka kallon idon Yaya?"

"Ki yi haƙuri."

"Ba haƙuri nika so ba. Ko ki faɗa mishi kafin Asabar, ko ni in faɗa. Wallahi ba don in tozarta ki ba. Ba ni iya cin tuwo kwano guda da wagga magana."

Na ce mata to.

Ranar Juma'a na tafi Kebbe. An kwana ana ruwa, hanya duk ta cabe, sau biyu mai mashin yana sauke ni in taka. Ina shiga Inna ta ja ni uwarɗaki ta sakaya ƙofa, fuskarta da wani haske da na daɗe ban gani ba.

Inna ba ta zubar da gashi. Shi ya sa ma mata suka yarda da ita, duk wadda ta yi wa kitso sai ta dunƙule abin da ya zube ta danƙa mata a hannu, ta je ta binne da kanta, kada ya faɗa hannun mugu. Nawa kuwa ashe ba ta binne ba. Tun daga ranar farko take tara shi a wata kwalla a ƙarƙashin gado. Ta ɗaga wani mayafi, sai ga ƙwarya a kife, a kanta an ɗora baƙar raga, an ɗinke gashina a jiki sili-sili, an kitse shi shuku mai tsaga goma sha biyu, jelar ta sauko har tana taɓa katifa. Wata shida tana wannan aiki da allura bayan kowa ya fita gona. Ban taɓa ganin kitso mai kyan wannan ba.

"Gashinki na, ba na wata ba," in ji ta. "Ni da hannuna nit tara shi. Wa ka cewa mun yi haram?"

Ta ɗora min, ta gyara gaban da yatsa, ta manne gefen da wani ɗanko, ta miƙo min madubi. Zulfar da ce take kallona. Na duba ta, ita ma ta dube ni, babu wadda ta yi wa wata murmushi.

"Ranar da Yelwa tat taho, mai ɗai za ta ɗigawa bisa tsaga ta yi addu'a, ba tsifa za ta yi ba. Kuma gobe da shi za ki hau wasan ga naku. Malamarku ta aiko min da katin gayyata, Yelwa ma an ce tana zuwa. Ta gan shi tun daga nesa, ranar mai ba ta tsayawa bincike."

"Inna, in Haliru yac ce an cuce shi fa?"

"Wa yac cuce shi? Ke anka ba shi ko gashi? In anka ɗaura, sauran magana tsakaninki da mijinki ta."

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. "Gimbiya, ina zaure." Na sa doguwar riga ruwan toka da hijabi baƙi, na ɗauki ruwa da kofi na fita. Yana zaune a kan tabarma da shadda ruwan sararin samaniya, ƙafar wandon duk laka ta fantsale, ya kawo min gasasshiyar masara a leda tun daga Tambuwal, har ta huce. Muka gaisa. Ya fara ba ni labarin fentin ɗaki, wai mai fenti ya yi kore maimakon ruwan madara.

"Yaya Haliru, akwai maganar da nika so ka ji."

Na faɗa masa ina kallon ledar masarar. Ba zan iya nuna masa ba tunda ba a ɗaura ba, sai dai baki. Ban ɓoye komai ba, har hular gashin da Inna ta ɗinka, har gurbin da Malama ta bar min a ƙarshen wasa. Wata akuya ta leƙo zauren ta koma.

"Tun yaushe?"

"Wata goma sha ɗaya."

"Tun kafin mu kawo gaisuwa ke nan."

"E."

"Shina dawowa?"

"Likita ya ce Allah ɗai ya sani."

Ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Ya tambayi su wa da wa suka sani, na lissafa masa, da ya ji har da Ruwaida da matan wasa sai ya runtse ido.

"Ba ni fasawa, Zulfa. Ni ba yaro na ba, kuma ciwo ba ke kid ɗora ma kanki ba."

Ku da kuke son Haliru, ga wurin tafinku nan, ku tafa. Ni ma na jira in ji sanyi ya sauko min a ƙirji. Ina cikin jiran ya ci gaba.

"Amma Gwaggo ba ta ji. In Gwaggo ta ji, Baba ya ji, kuma kin san ba shi tsallake maganatta. Dabarar Inna ta yi. Gobe ki yi kitsonki ki sauko, ki bar tabarmag ga. Ruwaida ni ka yi mata magana." Ya sassauta murya irin ta mai lallashi. "Kuma hulag ga ki zanka sa ta ko bayan biki. Gidanmu gidan yawa na, mata ka shigowa ba sallama. Ko cikin ɗaki ki bar ta bisa kanki. Ni ma ba dole na in gani ba."

Mutumin da yake ƙirga min kwanaki kullum safiya, shi ne yau yake cewa ba dole ne ya gani ba. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, na sani, yana ganin sauƙi ya yi min. Na ce masa to, na gode. Ya yi ajiyar zuciya, ya sha ruwa, ya koma maganar fenti.

Asabar da hantsi muka taho Tambuwal ni da Inna, hular tana cikin kwalla a kan cinyarta, ta rungume ta duk ramin da muka faɗa. Ƙarfe huɗu ɗakin taro ya cika maƙil, mata har a kan tagogi. A bakin ƙofa an ajiye babban kwando, duk wadda za ta shiga sai ta kashe wayarta ta saka a ciki an ba ta lamba, har mu 'yan wasa, saboda za mu fito babu ɗankwali. A layin gaba aka zaunar da Inna da leshinta na sallah. Kusa da ita Gwaggo Yelwa, ƙatuwar mace fara da tabarau, goro a kumatu, carbi mai dubu a hannu.

Muka fito mu tara, kai a buɗe. Ina jin lokacin da idanu suka sauka a kaina, wata 'yar guɗa ta tashi daga baya. Gwaggo Yelwa ta gyara tabarau, ta dafa gwiwar Inna, ta yi magana yadda duk layin zai ji.

"Atu, hannunki da albarka. Wagga amarya tamu ta, kowa shi kauda ido."

Inna ta sunkuyar da kai tana murmushi. Shi ke nan, dabara ta ci. Abin da ya rage min kawai in yi kitso in sauko.

Na yi kitson. Rauda ta yi takabarta, tsofaffi suna share ido da bakin mayafi. Raliya ta yi nata, 'yan mata suna dariya suna zagin saurayin. Aka yi kiɗan ƙwarya, aka yi waƙar furfura. Ni ina kan kujera, hannuna yana tafiya da kansa, ɗankon Inna yana ja min fata a bayan kunne, zufa tana taruwa ƙarƙashin ragar ba ta da hanyar fita. Na yi tunanin shekara ɗaya a haka. Na yi tunanin goma. Na ga kaina da ciki, na ga kaina a ɗakin haihuwa ina dafe da hula kada ta zame a gaban Gwaggo. Na ga 'yata tana wasa da jelar, ina buge mata hannu.

Aka zo ƙarshe. Kowa ya ja baya, tabarma ta rage babu kowa. Na ga Raliya ta ja numfashi za ta tayar da waƙa.

Ban yanke shawara ba, kada in yi muku ƙarya. Ƙafafuna ne suka sauko daga kujerar. Na zauna a tsakiyar tabarmar ina fuskantar mutane. Na sa yatsu biyu a bayan kunne na ɓamɓare ɗankon, na ɗaga shukun gaba ɗayansa da jelarsa, na ɗora a kan ƙwaryar kiɗa da ke gefena.

Wata ta ƙwalla ƙara. Wani jariri ya fashe da kuka. Iskar fanka ta sauka a fatar kaina, jiƙe da zufa, sanyi ya ratsa ni har haƙori.

"Sunana Zulfa," na ce. "Ɗiyar Atu mai kitso. Wanga gashina na, uwata tat tara shi da hannunta don tana sona. Wanga kuma kaina na."

Ruwaida ta fito daga cikin layi ba wanda ya ce ta fito, ta hau kujera a bayana, ta kama ni da gwiwoyinta, ta lakato mai. Na ci gaba da magana. Ban kalli Inna ba sai sau ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta tashi ba, tafin hannayenta ta buɗe a kan cinya tana kallo.

Gwaggo Yelwa kuwa ta miƙe tun ban kai rabi ba. Ta laluba takalminta da ƙafa, ta ratsa tsakiyar mutane, carbinta yana kaɗawa. Daga inda nake ina jin muryarta a bakin ƙofa.

"Ku ba ni wayata."

Mai tsaron kwandon ta ce sai an tashi, haka doka take. Gwaggo ta ja kujera ta zauna nan bakin ƙofar ta juya mana baya, ta jira. Ni ma ban tsaya ba, na kai maganata har ƙarshe, Raliya ta tayar da waƙa.

Da aka tashi mata suka yanyame ni. Wata tsohuwa da ban sani ba ta kama fuskata ta tofa min addu'a a tsakar ka. Wata matashiya ta raɗa min cewa ƙanwarta shekara biyu ba ta fita ko ƙofar gida saboda irin wannan, ko zan zo in gan ta. Wasu kuma sun bi ta gefena suna taɓe baki, na gan su. Malama hijabina kawai ta miƙo min. Inna ta hau dandamalin a hankali, ta ɗauki hular ta mayar cikin kwalla ta rufe, ta wuce ni ta fita.

Na karɓi wayata a kwando na kunna. Saƙo ɗaya ne, ya shigo tun ƙarfe huɗu saura.

"Allah shi ba da sa'a Gimbiya. Na san ba ki ba ni kunya."

Na ɗaga kai. Can bakin get, ƙarƙashin inuwa, Gwaggo Yelwa tana tsaye da waya a kunne, hannunta ɗaya yana sara iska. Ta daɗe tana magana. Ina kallo ta sauke wayar ta cusa a jaka.

Ko minti ɗaya ba a yi ba tawa ta fara ruri, sunan Haliru yana yawo a kan gilashin. Sai na ji zuciyata tana dukan haƙarƙarina kamar za ta fito. Tsoro ne, jama'a, tsoro na gaske, kuma a nan tsaye na gane ina son mutumin nan, ba na son in rasa shi.

Ruwaida ta leƙo ta ga sunan, ta riƙe min gefen hijabi.

"Bari ta tsinke, ki samu natsuwa tukuna."

Na girgiza mata kai. Na share tafin hannuna a zane, na danna, na kai kunne.

"Salamu alaikum, Yaya Haliru. Ni ta, Zulfa. Ina jin ka."